Yadda Matasan Filifin Suka Samu Kujera da Asusu a Mulkin Unguwa

Ranar 30 ga Oktoba, 2023, an yi zaɓen shugabannin unguwanni da ƙauyuka a ƙasar Filifin. Cikin layin masu jefa ƙuri'a har da yara 'yan shekara 15, waɗanda doka ba ta ba su damar zaɓen shugaban ƙasa ko sanata ba tukuna. Su takarda ɗaya aka miƙa musu. Wanda ya kai 18 amma bai wuce 30 ba, biyu aka ba shi: ɗaya ta majalisar manya, ɗaya ta majalisar matasa, wadda suke kira Sangguniang Kabataan, ko SK a taƙaice.

Matakin mulki mafi ƙanƙanta a can sunansa barangay. Kusan shi ne mazaɓa a wurinmu, sai dai shi yana da zaɓaɓɓen shugaba da ake ce wa kapitan, da kansiloli bakwai, da asusunsa na kansa. Akwai irinsa sama da 42,000 a faɗin ƙasar, daga lungunan Manila har garuruwan Musulmi na tsibirin Mindanao a kudu. Kowane ɗaya kuma yana da majalisar matasa mai shugaba ɗaya da wakilai bakwai. In ka lissafa, kujeru ne sama da 330,000 da doka ta keɓe wa waɗanda shekarunsu ke tsakanin 18 zuwa 24.

Ƙasashe da dama na da majalisun matasa a ƙananan hukumominsu. Finlan ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma kafa ɗaya a dokarta ta 2015. Birnin Boston na Amurka a 2014 ya fara ware dala miliyan ɗaya, matasa su zaɓi ayyukan da za a yi da ita. Amma da wuya a samu inda abin ya yi nisa, aka kuma sha wuyarsa, kamar Filifin. Sun gwada, ya lalace musu a hannu, sun kusa binne shi, suka dawo suka gyara. Duk mai son a ba matasa wuri a mulkin garinsu ya kamata ya san wannan labari.

Yadda abin ke tafiya

Tushen komai shi ne taron matasan barangay gaba ɗaya. Duk ɗan ƙasa daga shekara 15 zuwa 30 da ya zauna a unguwar aƙalla wata shida, ya kuma yi rajista, ɗan wannan taro ne. Su ke zaɓen majalisar, kuma doka ta ce a tara su aƙalla sau ɗaya kowane wata shida, shugabannin su tsaya gabansu su faɗi abin da aka yi da abin da aka kashe.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta bambanta SK da yawancin ƙungiyoyin matasa da muka sani. Kashi 10 cikin 100 na kuɗin da ke shiga babban asusun barangay na matasa ne, doka ce ta faɗa, babu buƙatar a roƙi kowa. A misali, idan barangay ya samu peso miliyan biyar a shekara, 500,000 na majalisar matasa ne. Kuɗin na shiga asusun banki mai sunan SK, shugaba da ma'aji su ke sa hannu. Kafin a taɓa ko sisi, sai majalisar ta rubuta tsarin ayyukanta na shekara uku, ta fitar da na shekara ɗaya daga cikinsa, ta yi kasafi, majalisar garin ta duba. Hukumar binciken kuɗi ta ƙasa na da ikon bin sawun kowace takardar biya.

Shugaban SK kuma ba a barin shi a bakin ƙofa. Yana zama a majalisar barangay tare da kansilolin manya, da ƙuri'arsa, shi ne ma shugaban kwamitin matasa da wasanni. Daga nan abin ya yi ta hawa: shugabannin SK na duk barangay da ke cikin gari su zaɓi ɗaya daga cikinsu, wannan ya samu kujera a majalisar gari ko ta birni, haka har majalisar lardi. Wato yarinya 'yar shekara 22 na iya zama a teburin da ake yanke kasafin kuɗin babban birni, ta ɗaga hannu a ƙirga da ita.

Asalin da ba shi da daɗin ji

Ba dimokuraɗiyya ce ta haifi wannan tsari ba. A 1975, lokacin da Ferdinand Marcos ke mulki da dokar soja, ya kafa ƙungiyar Kabataang Barangay, ya shimfiɗa ta a kowace unguwa. Daga baya 'yarsa Imee Marcos ta zama shugabarta ta ƙasa. A watan Agustan 1977 wani ɗalibi mai suna Archimedes Trajano, ɗan shekara 21, ya miƙe a wani taro a Manila ya yi tambaya kan yadda aka yi ta samu muƙamin. Masu tsaronta suka fitar da shi daga zauren. Bayan 'yan kwanaki aka ga gawarsa da alamun azabtarwa. A 1991 wata kotu a Hawai ta Amurka ta yanke cewa Imee ta biya mahaifiyarsa diyya.

Manyan mutanen Nijar za su gane wani ɓangare na wannan labari. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, ya ɗauko tsohuwar al'adar samariya, wadda ƙauyuka suka gada kaka da kakanni tare da sarkin samarinta, ya mayar da ita ƙungiyar ƙasa baki ɗaya. Samariya ta yi aikin gayya na gaske, ta gina azuzuwa, ta share gari, ta shuka itatuwa, kuma har yau akwai masu tuna ta da alheri. Amma jam'iyyu a haramce suke a lokacin, umarni kuma daga sama yake saukowa. Gwamnati kan so ƙarfin matasa da yawansu a filin taro fiye da yadda take son jin ta bakinsu, kuma wannan haɗari yana bin kowace majalisar matasa da hukuma ta kafa, ko a ina take.

Marcos ya faɗi a 1986, ƙungiyarsa ta bi shi. Dokar ƙananan hukumomi ta 1991 ce ta kafa SK, aka yi zaɓen farko a Disambar 1992, da 'yan shekara 15 zuwa 21. Sai a 2002 'yan majalisa suka yi wani gyara da ya zama ɓarna: suka ce masu riƙe kujerun su kasance daga 15 zuwa ƙasa da 18. Yaron da bai kai 18 ba, doka ba ta yarda ya sa hannu a kwangila ba. Ga kuɗi an ce nasa ne, ga shi ba zai iya fitar da su ba sai ta hannun kapitan da ma'ajin barangay. Ga makaranta kuma tana jiransa da safe. Abin da ya biyo baya ba sai an faɗa ba. 'Yan siyasa suka riƙa tsayar da 'ya'yansu, suna ɗaukar nauyin yaƙin neman zaɓe, a lokacin zaɓen shugabannin SK na gari kuma aka yi ta zargin ana saye ƙuri'un yaran. Jaridun ƙasar suka fara kiran SK makarantar koyon cin hanci. Wani bincike da UNICEF da ma'aikatar cikin gida suka ɗauki nauyi a 2007 ya gano cewa aikin majalisun a shekaru goma da suka gabata mai rauni ne, musamman wajen kawo ƙudurori, ba da rahoto, da tuntuɓar matasan da suka zaɓe su.

A 2013 aka ɗage zaɓen, wa'adin masu ci ya ƙare, kujerun suka zauna fayau har 2018. Mutane da yawa, har da manyan 'yan majalisa, sun so a soke tsarin a huta.

Gyaran 2016

Waɗanda suka ce a gyara su suka yi nasara. A Janairun 2016 Shugaba Benigno Aquino na uku ya sa hannu a dokar gyaran SK, wadda Sanata Bam Aquino na cikin jagororinta. Ita ce ta ɗaga shekarun zuwa 18 zuwa 24, ta ba majalisar asusunta na banki, ta kuma ce babu wanda zai hau kujera sai ya halarci horo kan aikin hukuma da riƙon amanar kuɗi.

Amma sashen da ya fi jan hankali shi ne na dangi. Tsarin mulkin ƙasar na 1987 ya ce a hana gadon mulki a gida ɗaya, ya bar wa majalisar ƙasa ta yi dokar da za ta fayyace yadda za a hana. Majalisar da iyalai ƙalilan suka cika ba ta yi gaggawar ɗaure kanta ba. Sai a wannan doka ta matasa aka fara sa ƙa'idar a rubuce: ɗa, ko jika, ko ƙane, ko miji, ko mata, ko suruki na kusa na wani zaɓaɓɓen jami'i mai ci a yankin ba zai tsaya takarar SK ba. Haramcin ya tsaya a dangi na mataki na biyu, don haka ɗan wan kapitan ko 'yar ƙanwarsa har yanzu suna iya tsayawa, kuma suna tsayawa. Duk da wannan ɓaraka, a ganina babu sashe mai daraja kamarsa a dokar. Ɗan mai tuƙa babur mai ƙafa uku da ke son takara ya san aƙalla ba da ɗan cikin magajin gari zai kara ba.

A 2022 aka ƙara wata doka da ta ba wakilai da sakatare da ma'aji alawus na wata-wata, saboda da shugaba kaɗai ke samu. Aka kuma ɗaure cewa alawus ɗin kada ya wuce kashi 25 cikin 100 na kuɗin majalisar. Wasu na ganin biyan kuɗi zai jawo masu neman abinci. Ni na fi karkata ga ɗaya ɓangaren: aikin da ba a biya, ɗan mai hali kaɗai ke iya tsayawa ya yi shi.

Filin ƙwallo da abin da ke bayansa

Duk wanda ya shiga unguwa a Filifin, da wuya ya rasa filin ƙwallon kwando a tsakiyarta, sau da yawa da rufin kwano a sama. Nan ake taron unguwa, nan ake shimfiɗa tabarmi a kwana in guguwa ta kwashe rufin gidaje. A watannin zafi, Afrilu da Mayu, SK kan shirya gasar da suke kira paliga: riguna masu lamba, alƙalin wasa da usur, lasifika na tashi har dare, kofi a kan tebur, ga babbar tutar leda ɗauke da hoton shugaban majalisa. Wannan gasa, da gasar sarauniyar kyau, su ne abin da ake yi wa SK gori da su shekara da shekaru.

Ba ƙwallon ne laifi ba. Saurayin da ke fili da yamma ba ya bakin kwata yana shaye-shaye. Damuwar ita ce gasa ta fi kowane aiki sauƙi: ana ganinta, ana tafa mata, kuma kuɗin riguna da kofi ba shi da wuyar ƙara wa sifili a takarda. Dokar 2016 ta jera inda take so kuɗin ya fi tafiya, har da ilimi, sana'a da aikin yi, lafiya, yaƙi da miyagun ƙwayoyi, kare muhalli da shirin tunkarar bala'i, wasanni kuma ɗaya ne daga ciki. Akwai majalisun da suka koma raba kayan makaranta, ba da tallafin karatu, buɗe ɗakin nazari mai intanet, koyar da agajin gaggawa. Akwai kuma waɗanda har gobe paliga ce farkonsu da ƙarshensu. Bambancin yakan fito ne daga wancan taro na wata shida. Inda matasa ke zuwa su cika fili su ce a karanto musu lissafi, shugaba kan shiga taitayinsa. Inda ba a zuwa sai abokan shugaba, a sa hannu a takardar halarta a ci abinci a watse, doka na nan a rubuce amma ba ta aiki.

Fita waje a gano, a dawo

Ɗaya hanyar da matasan ƙasar ke koyon sha'anin jama'a ita ce musayar ziyara da takwarorinsu na wasu ƙasashe. Mafi shahara shi ne shirin jirgin ruwa na matasan Kudu maso Gabashin Asiya da Japan, wanda ya samo asali daga fushi. A Janairun 1974 firaministan Japan Kakuei Tanaka ya zagaya yankin. Ɗalibai suka tarbe shi da zanga-zanga a Bankok, a Jakarta kuma aka yi tarzoma aka ƙona motoci ƙirar Japan. Raunin yaƙin duniya na biyu bai warke ba, ga kayan Japan sun cika kasuwanni. A wannan shekara aka fara shirin da ƙasashe biyar, Filifin, Indonesiya, Malesiya, Singafo da Tailan, daga baya sauran ƙasashen ƙungiyar ASEAN suka shigo.

Yadda aka saba yi, matasa 'yan shekara 18 zuwa 30, kimanin ɗari uku, su shiga jirgi ɗaya su yi makonni a teku. Ba a haɗa 'yan ƙasa ɗaya a ɗaki. Musulmi daga Indonesiya zai shimfiɗa dardumarsa da asuba a gefen gadon ɗan addinin Buda daga Tailan, Kirista daga Filifin na barci a gadon sama. Da rana a zauna rukuni-rukuni a tattauna ilimi, muhalli, lafiya. Inda jirgi ya tsaya, a raba su gidajen mutanen gari su kwana, su ci abin da aka dafa a gidan. A Filifin hukumar matasa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1995, ita ke tantance masu tafiya, kuma ana sa ran duk wanda ya dawo ya yi wani aiki a cikin al'ummarsa. Akwai wani shirin makamancinsa da Jami'ar Arewacin Ilinoi ta Amurka ta yi shekaru tana gudanarwa, inda take ɗauko matasa Musulmi da Kirista da 'yan ƙabilun asali daga Mindanao, yankin da ya daɗe cikin rikici, su zauna tare su koyi sasanci, kowa ya koma da tsarin aikin da zai yi a garinsu.

Amfanin irin wannan tafiya a bayyane yake. Wanda bai taɓa ganin majalisar gari tana zama a bainar jama'a ba, ko kasafin kuɗi manne a allon sanarwa kowa na karantawa, zai ɗauka yadda ake yi a garinsu haka duniya take. Amma akwai gyara a lamarin. Kujerun kaɗan ne, kuma sun fi faɗawa hannun ɗan birni mai Turanci da fasfo da intanet na cike takardar nema. Abu na biyu ya fi wannan nauyi: wanda ya dawo, ina zai zuba abin da ya ɗebo? A nan ne Filifin ta yi dace, domin matashin da ya sauko daga jirgi yana da majalisa a unguwarsu da zai kai wa shawara, ko ma ya tsaya takararta, da asusun da zai iya biyan aikin. Matasanmu da yawa sun je Amurka a shirin Mandela Washington, wanda aka fara a 2014, sun yi mako shida a jami'o'i, sun dawo da ilimi da himma. Wasunsu ƙungiyar sa-kai suke kafawa su shiga neman tallafin masu ba da agaji, saboda sakatariyar ƙaramar hukumarsu ba ta da ƙofar da aka tanada domin irinsu.

Inda abin ya shafe mu

Najeriya na da ƙananan hukumomi 774, Kano kaɗai na da 44. Akwai Majalisar Matasa ta Ƙasa da aka ƙaddamar a 2008 zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua, mai wakilai 109, amma shawara kawai take bayarwa. Jam'iyyu na da muƙamin shugaban matasa tun daga mazaɓa, wanda sau da yawa mai furfura ke riƙe da shi, aikinsa kuma tara jama'a ranar gangami. Babu wata doka ta ƙasa da ta ba matasa zaɓaɓɓiyar kujera a majalisar kansiloli, balle kaso na dindindin a kasafi. Ba sai an je Asiya ba ma kafin a ga an yi: dokar ƙananan hukumomi ta Yuganda ta 1997 ta tanadi kansiloli biyu na matasa a majalisar gunduma, ɗaya daga cikinsu mace.

Wani zai ce ƙaramar hukumar da ita kanta ba ta riƙe kuɗinta ba, me za ta raba da matasa? Tambaya ce mai ƙarfi. Shekara da shekaru kuɗin ƙananan hukumomi na bi ta asusun haɗin gwiwa da gwamnoni ke juyawa, a jihohi da dama kuma kantomomi aka riƙa naɗawa maimakon zaɓe. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni kaɗai doka ta sani. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, amma ya buɗe maganar yadda za a sake fasalin wannan mataki, kuma lokacin da ake aza harsashi shi ne lokacin da ake faɗin inda ake son ƙofa.

Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya bar wa jihohi su yi dokar da za ta tsara fasali da kuɗin ƙananan hukumominsu. Ke nan mai son a kafa zaɓaɓɓiyar majalisar matasa a kowace mazaɓa, da kasonta a rubuce, da haramcin tsayar da ɗan ciyaman ko ƙanen kansila, ba Abuja zai nufa ba. Majalisar dokokin jiharsa zai kai ƙudurin, ta hannun ɗan majalisar da ke wakiltar mazaɓarsa, ya kuma halarci zaman jin ra'ayin jama'a in an kira. Tun daga 31 ga Mayu, 2018, ranar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran da ya rage shekarun takara, ɗan shekara 25 na iya neman kujerar wannan majalisa ya gabatar da ƙudurin da kansa.